Yadda Za Ka Sake Shiri Bayan Faɗuwa WAEC, NECO Ko JAMB

Sakamakon WAEC yakan fito ne a watan Agusta, ana tsakiyar damina, na NECO kuma ya biyo baya. A irin wannan lokaci ne za ka ga yaro ya fito daga shagon intanet (kafe) a Tudun Wadar Gusau, ya linke takardar sakamakonsa gida huɗu ya cusa a aljihu, ya ƙi komawa gida sai bayan isha'i. Idan kai ne wannan yaron, ko ɗanka ne, ko ƙanwarka, ga yadda ake bi a fita daga wannan hali.

Kwanakin farko

Kada ka yanke wata shawara a cikin kwana uku na farko. Zuciya tana zafi, kuma a lokacin ne ake cewa "na bar boko har abada". Ka ci abinci, ka yi barci, ka rage leƙa WhatsApp inda abokai ke ta ɗora sakamakonsu. Sannan ka faɗa wa iyayenka da bakinka kafin su ji a waje, kuma ka je musu da magana ƙayyadajjiya: "Baba, lissafi ne ya kayar da ni, sauran na ci, ina son in sake a Nuwamba." Uba ya fi saurin sauka idan ya ga an zo masa da mafita.

Ku kuma iyaye, gori ba ya ƙara wa yaro maki ko ɗaya. "Ɗan wane ya ci, kai sai cin tuwo" magana ce da take daɗewa a zuciya. Yaran da ke rubuta jarrabawa a 'yan shekarun nan sun sha hutun korona a 2020, sun kuma sha rufe makarantun Zamfara a 2021 saboda matsalar tsaro, kuma wannan giɓi yana bin ɗalibi har ajin ƙarshe. Idan kuma 'ya mace ce, ko da maganar aure ta taso, jarrabawar masu zaman kansu ba ta hana matar aure zama. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: idan aka kai mako biyu yaro ba ya cin abinci, ba ya barci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi wurin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibiti mafi kusa, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Warware takardar ka karanta ta da kyau

Da yawa daga masu cewa "na faɗi" darasi ɗaya ko biyu ne kawai suka rasa. Daga A1 zuwa C6 kiredit ne. D7 da E8 an haye amma babu kiredit, F9 ita ce faɗuwa. Abin da jami'a ke nema kiredit biyar ne da suka haɗa da Turanci, da lissafi a yawancin kwasa-kwasai, da darussan da suka shafi kwas ɗinka, a zaman da bai wuce biyu ba. Wato mai kiredit huɗu a WAEC da D7 a lissafi, lissafin nan kaɗai ya rage masa, kuma yawancin makarantu suna yarda a haɗa WAEC da NECO. Sai dai kwas irin na likita, jami'o'i da dama zama ɗaya suke so, don haka ka duba ƙasidar JAMB ta kwasa-kwasai kafin ka biya kuɗin komai. Wanda ya riga ya yi zama biyu kuwa, sai ya ajiye takardun gaba ɗaya ya ga wacce zai riƙe, domin biyu kaɗai za a karɓa.

Dama ta gaba ba ta da nisa. WAEC da NECO suna yin ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, WAEC kuma tana da wani zagaye a farkon shekara. Idan makin JAMB ne ya gaza, ba dole ka zauna shekara guda a gida ba. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar 150 ne ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi, ko da yake kowace makaranta tana iya ɗaga nata. Akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, da Kwalejin Ilimi ta Maru, ga kuma ta Tarayya da ke Gusau wadda ta mata ce zalla. Mai difloma ko NCE mai kyau yana iya shiga jami'a a aji biyu kai tsaye, haka ma wanda ya yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a.

Nemo inda maki ya yoye

Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa. Ɗalibi ya faɗi lissafi, sai ya ɗauko littafin ya fara daga shafi na ɗaya, ya ƙare wata biyu a kan abin da ya riga ya iya, lokaci ya ƙure bai kai ga abin da ya kayar da shi ba.

Ka samo takardar tambayoyin shekarar da ta wuce ta darasin da ka faɗi. Ka zauna kai kaɗai, babu littafi babu waya, ka sa agogo daidai lokacin da ake bayarwa a zaure. Da ka gama, ka kai wa malamin darasin ya maka maki da jan biro ba sani ba sabo. Daga nan ka sayi littafin rubutu mai shafi 40, ka mai da shi littafin kurakurai. Duk tambayar da ka rasa ka rubuta ta, ka sa dalili a gefenta. Dalilan ba sa wuce huɗu: ba ka taɓa sanin abin ba, ka sani ka manta, ba ka gane abin da tambayar ke nema ba, ko kuwa ganganci da ƙurewar lokaci. Maganinsu daban-daban ne. Na farko malami yake so, ko lesin, ko wani yayanka da ya iya. Na uku sau da yawa raunin Turanci ne ya ɓuya a cikin fiziks ko tattalin arziki. Na huɗu atisaye da agogo yake so. Na biyun shi ya fi yawa, kuma a kansa za mu daɗe.

Karatu irin na allo

Dubi yadda yawancin 'yan sakandare ke karatu. A buɗe littafi, a bi shi da ido, a ja layi a ƙarƙashin wasu jimloli, a sake bi. A karo na uku shafin ya zama sananne, sai zuciya ta ce an iya. Ido ne ya saba da shafin. Ranar jarrabawa shafin ba ya nan, sai ka ji amsar tana yawo a kanka ta ƙi fitowa.

Makarantar allo ta daɗe da gano bakin zaren. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya kalle shi sau ashirin. Sai ya juya allon ya biya da ka a gaban malam, idan ya yi tuntuɓe a mai da shi, ba ƙari. Kuma bayan ya wanke, yana komawa ya yi tishi, don ya san haddar da aka bari tana zubewa. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan tun 1885, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a kan tazara tana rage mata gudu. Abin mamaki shi ne yaron da ya haddace izu goma da wannan hanya, idan ya ɗauki bayoloji sai ya watsar da ita.

Ga yadda za ka mai da ita boko. Ka karanta kashi ɗaya ƙarami, shafi biyu ko uku, na minti 20. Ka kife littafin. Ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, da zanensa da sunayen sassansa, na minti 10. Ka buɗe ka gwada, abin da ka rasa ka cike shi da jan biro. Jan nan shi ne karatunka na gaba. Sai tishi: gobe, bayan kwana 3, bayan kwana 7, sannan bayan mako 3, kowane karo littafi a rufe, minti biyar zuwa goma ya isa. Ka rubuta ranakun a saman shafin don kada su shige maka.

Za ka ji wannan hanya ta fi wuya, har ka ga kamar ba ka ci gaba. Wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen lalubo abu ita ke kafa shi. Amma a kula, hadda ba tare da fahimta ba haddar aku ce, da an juya tambaya ta rushe. Gwajin fahimta shi ne ka bayyana wa ƙaninka abin da Hausa, misali dalilin da ganyen gero ke yin kore da kuma aikin da hasken rana ke yi masa. Idan ya gane, sai ka sake rubuta bayanin da Turanci, tun da da shi za a tambaye ka.

Lissafi kuwa ba a karanta shi, yin sa ake yi. Ka bi misali ɗaya, ka rufe, ka warware shi da kanka, sannan ka yi tambayoyi goma a rana, a cakuɗe daga babi daban-daban, domin a jarrabawa ba wanda zai gaya maka daga wane babi tambaya ta fito.

Lokaci

Jadawalin awa takwas a rana ba ya kai Juma'a. Awa biyu zuwa uku kullum, kwana shida a mako, sun fi shi nesa ba kusa ba. Darasi mai wuya a ba shi bayan sallar asuba, minti 45 zuwa awa ɗaya, kafin a fita gona ko shago, gari da sanyi gida kuma shiru. Tishi da tambayoyin baya su zo bayan la'asar ko bayan isha'i. Kada ka jingina karatunka da wutar NEPA, ƙaramar fitila mai caji da hasken rana ta wadatar. Wayar kuma ka ba Inna ta riƙe maka har ka tashi. Kwana karatu da goro ko kofi hasara ce, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya, ka nemi awa bakwai zuwa takwas. Ƙwaya irin su tiramol da wasu ke cewa tana hana gajiya, hanyar lalacewa ce, kada ka kusance ta. Idan za ku yi karatun rukuni, kada ku wuce mutum huɗu, kuma aikin ya zama tambayar juna, in ba haka ba ya koma majalisa.

San yadda ake raba maki

A takardar lissafi ta biyu ta WAEC ana amsa tambayoyi 10 cikin awa biyu da rabi: biyar na dole masu maki 40, sai biyar da za ka zaɓa daga takwas masu maki 60. Ka ba na farko minti 11 kowace, na biyu minti 17, ka ga minti 10 sun rage na dubawa. Ana ba hanya maki daban, amsa daban. Wanda ya rubuta amsa tsura ba aiki ya zubar da makin hanya, wanda kuwa ya nuna matakansa ya kuskure a ƙarshe zai tsira da wani abu. Mantawa da ma'auni kamar cm ko naira, da gutsure lamba tun a tsakiyar aiki, suna cin maki a banza.

A Turanci insha'i yana da maki 50, ana son kalmomi 450, kuma goma daga makin na tsabtar rubutu ne, inda kowane kuskuren nahawu ko harafi ke cin rabin maki. Kuskure ashirin sun cinye su ƙaf. Gajerun jimloli masu lafiya sun fi dogaye masu manyan kalmomin da ba ka mallaka ba. Ka rubuta insha'i ɗaya duk mako a duba maka. A sashen taƙaitawa mai maki 30, kwafo jimlar marubuci yadda take yana jawo hasara, ana son cikakkiyar jimla da kalmominka. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet, darasi-darasi, da kurakuran da ɗalibai suka fi yi kowace shekara. Kyauta ne, kuma kaɗan ne ke leƙa shi.

JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗayan darussa ukun, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada ka bar ko ɗaya ba amsa. Ɗaliban karkara da yawa ranar jarrabawa ce ranar farko da suke taɓa kwamfuta, hannu na rawa, minti goma sun tafi. Ka je cibiyar kwamfuta aƙalla sau biyar kafin ranar, ka saba da danna A, B, C, D don amsa, N don gaba, P don baya, kuma ka yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa.

Za a zo maka da tayin makarantar da "ake taimako", ko amsoshin da ake turawa ta waya da dare. Sakamakon irin waɗannan cibiyoyi ne aka fi riƙewa ko sokewa, ka yi hasarar kuɗi da shekara, wanda kuma ya tsallake da su yakan kife a shekarar farko ta jami'a.

Kafin ka biya kuɗin rajista, ka ajiye katin NIN da tsohon sakamakonka gefe da gefe. Suna da jerinsa da ranar haihuwa su zama iri ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kai ranar tantancewa ko da kiredit ɗinka tara ne. Idan akwai saɓani, ka fara gyaran tun yanzu, domin yana ɗaukar makonni.