Yadda za ka zaɓa tsakanin asusun haɗaka da ETF kafin ka zuba kuɗinka

Yawancin masu tambayata ko asusun haɗaka za su zaɓa ko ETF a nan Gombe ma'aikata ne da matasan 'yan kasuwa, kuma kusan dukansu sun riga sun yanke hukunci tun daga gida. Sun kalli bidiyon wani Ba'amurke yana cewa ETF, wato asusun da ake cinikinsa a kasuwar hannun jari, ya fi arha kuma ya fi saurin sayarwa. A Amurka gaskiya ce, domin tun 1993 suke cinikinsa, kuma mai saye da mai sayarwa ba sa yankewa. Kasuwar hannun jarinmu ta NGX da ke Legas ba haka take ba, kuma a nan sababbin shiga suke yin asara.

Duka biyun tara kuɗin jama'a ake yi a sayi hannayen jari ko takardun bashi iri-iri. Inda suka rabu shi ne wurin saye da sayarwa. A asusun haɗaka, wanda za ka ga an rubuta mutual fund a manhaja, kamfanin da ke juya kuɗin ne ke sayar maka, shi ne kuma zai karɓa ya biya ka. Shi kuwa ETF a kasuwar hannun jari kake sayensa ta hannun dillali, daga wani mutum irinka, ranar sayarwa kuma sai an samu mai saye.

Mataki na farko: yaushe za ka nemi kuɗin?

Kuɗin makarantar yara na zangon gaba, kuɗin haya ko na takin damina, kada ya kusanci hannun jari ta kowace hanya. Ni dai abin da ba zan iya mantawa da shi na shekara 3 zuwa 5 ba, ba na sa shi a ETF. Ka kuma sani cewa inshorar hukumar NDIC ajiyar banki take bai wa kariya, ba ta shafi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko da a harabar banki aka cike maka fom.

Mataki na biyu: tace halal tun kafin ka kalli riba

Asusun da ya fi farin jini a Najeriya shi ne na kasuwar kuɗi ta gajeren zango. Farashinsa ba ya hawa da sauka sosai, da yawansu kuma naira 5,000 ta isa ka fara. Sai dai abin da ke ciki takardun bashin gwamnati ne da ajiyar banki mai wa'adi, wato kuɗin ruwa. Idan kana gudun wannan, zaɓinka ya ragu, aikin ma ya yi sauƙi. A ɓangaren haɗaka akwai irin su Lotus Halal Investment Fund, wanda ya fara a 2008, da Stanbic IBTC Imaan Fund, da kuma masu zuba kuɗi a sukuk, wato takardun jari na tsarin Musulunci da babu kuɗin ruwa a ciki, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017. A ɓangaren ETF akwai Lotus Halal Equity ETF da aka sa a kasuwa a 2014, wanda ba ya sayen bankuna masu kuɗin ruwa ko kamfanonin giya da taba. NewGold, ETF na farko a ƙasar nan tun 2011, farashin zinare yake bi. Kafin ka taɓa shi ka zauna da malaminka, domin cinikin zinare yana da nasa hukunce-hukuncen.

Duk wanda ka zaɓa, ka nemi sunansa a jerin da hukumar SEC, mai kula da harkar zuba jari, ke wallafawa. Wanda ya ga yadda kuɗin jama'a suka salwanta a MMM a 2016 da CBEX a 2025 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mataki na uku: farashin da za ka saya a kai

Nan ne wurin da ya kamata ka ɓata lokaci. Kowane asusu yana da ainihin darajarsa, wadda ake kira NAV: a haɗa kuɗin duk abin da ya mallaka, a cire bashi, a raba da yawan kason da jama'a ke riƙe da shi. A asusun haɗaka a kan wannan lissafin ake sayar maka, a kansa ake biyanka. Ba ciniki, ba tayi.

ETF yana da farashi biyu: ainihin darajarsa, da wanda ake faɗa a kasuwa. Inda ciniki yake da yawa, tazararsu ba ta kai ta kawo ba. A NGX kuwa ETF ɗin duka 'yan kaɗan ne, wasu kuma sai yini ya wuce ba a yi wani cinikin kirki a kansu ba. A ce darajar kaso ɗaya naira 100 ce, amma mai sayarwa ɗaya tilo da ke kasuwa ya sa 130. Ka danna saye ba ka duba ba. Bayan shekara kamfanonin da ke ciki suka yi kyau, daraja ta koma 115, farashin kasuwa kuma ya dawo daidai da ita. Kasuwa ta ci riba, kai ka yi asarar naira 15 a kowane kaso. Na ga mutane suna zagin dillali a kan wannan, alhali hannunsu ne ya danna.

Wanda ya saba da kasuwar Tudun Hatsi ta nan Gombe ya san abin: buhun wakenka yana da kuɗinsa, amma ranar da manyan motocin kudu ba su shigo ba, abin da mai saye ɗaya ya taya shi ne farashi idan kana matse.

Saboda haka kafin kowane saye ka buɗe shafin kamfanin da ke kula da ETF ɗin ka ga NAV na ƙarshe, ka kwatanta da farashin manhajar dillalinka. Ka duba nawa aka yi ciniki a makon da ya wuce, ba na yau kaɗai ba. Ka duba tazarar da ke tsakanin tayin mai saye da farashin mai sayarwa. Sannan kada ka taɓa ba da umarnin a saya maka a duk farashin da aka samu. Ka rubuta iyakar abin da za ka biya, idan ba a samu ba ka haƙura zuwa gobe. A tsarina, idan tazarar ta wuce kashi 3 cikin 100, na bar shi.

Mataki na huɗu: caji

Asusun haɗaka yana yankar kuɗin kulawa duk shekara daga cikin dukiyar, ba za ka ga alat ba. Idan kashi 1.5 ne a kan naira 200,000, ka biya 3,000. Wasu kuma suna cin tara idan ka fita kafin wa'adin da suka gindaya, don haka ka karanta takardar bayaninsu. Cajin ETF na shekara yakan yi ƙasa, amma akwai la'adar dillali da kuɗin hukumomi a shiga da fita. Mai zuba 10,000 duk ƙarshen wata daga albashi, asusun haɗaka ne nasa, ba ma sai ya yi dogon lissafi ba. Ribar da aka nuna maka kuma ka auna ta da tsadar kaya: a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, don haka wanda ya samu ribar kashi 20 a wannan shekarar, ci baya ya yi.

Sauran aikin takarda ne. Asusun haɗaka BVN, NIN, hoto da shaidar adireshi yake nema, a waya ake gamawa. ETF sai ka buɗe asusu wurin dillali mai rajista, ya samo maka lambar CSCS, wato kamfanin da ke ajiye rajistar hannayen jarin da ka saya, ka cike fom ɗin da zai sa rabon riba ya riƙa faɗawa bankinka kai tsaye. Sunanka ya zama iri ɗaya a ko'ina, in ba haka ba kuɗi zai maƙale. Ka rubuta sunan magajinka, ka gaya wa iyali inda kuɗin yake, ka kuma sa shi cikin lissafin zakka idan shekara ta zagayo.