Jakar rataye da ciwon kafaɗa: kurakuran da aka fi yi

Yawanci idan kafaɗa ta fara tsami, matashin kai ake ɗora wa laifi, a ce kwanciya ce ba ta yi daidai ba. Ba a cika waiwayar jakar da ke rataye a kafaɗa ɗaya tun safe har dare ba.

Ka lura da mai rataye da jaka yana tafiya. Kafaɗar da ke ɗauke da ita a ɗage take, don kada igiyar ta zame, jiki kuma ya karkata ɗaya ɓangaren. Tsokar da ta taso daga ƙeya ta sauko kan kafaɗa ba ta samun hutu, shi ya sa ciwon ke hawa wuya, wani lokaci har da ciwon kai. Igiya siririya ta fi muni: tana nutsewa cikin nama, ta danne jijiyoyin da ke gangarawa hannu, sai ka ji yatsu sun mutu ko kamar ana tsira maka allura.

Babban kuskuren dai shi ne lodi. A zazzage jakar a gani: kwamfuta, caja, tarin makullai, littafin da aka manta da shi, ga gorar ruwa, wadda lita ɗaya kilo ɗaya ce cur. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada kaya su wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum, wato kilo 6 ga mai kilo 60. A ganina wannan ma ya yi wa kafaɗa ɗaya yawa. A rage kaya, a gajarta igiyar ta yadda jakar za ta manne da jiki maimakon ta riƙa dukan cinya, a ratayo ta gicciye, a riƙa sauya kafaɗa. Mai ɗaukar kwamfuta kullum ya koma jakar goyo, amma fa ya sa hannayenta biyu. In ya rataya ɗaya, an gudu ba a tsira ba.

Wasu kuma da zarar ciwo ya zo sai su daina motsa hannun gaba ɗaya. Kafaɗa gaɓa ce da ke saurin sagewa in an bar ta, musamman ga masu ciwon suga da waɗanda suka haura shekara 40. A gasa wurin da ruwan ɗumi, a riƙa juya kafaɗa baya a hankali, a tsaya gaban bango ana hawa da yatsu sama iya inda za a iya jurewa.

Maganin kashe zafi irin su ibuprofen ba na sha kullum ba ne, yana iya taɓa ciki da ƙoda. Idan an yi makonni biyu ba sauƙi, ko hannu ya rasa ƙarfi, ko taje kai ya gagara, a ga likita. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi kuwa ba batun jaka ba ne, a garzaya asibiti nan take.