Za a gina katafaren kanti a unguwarku? Ga yadda ake tantance shirin tun kafin a sa masa hannu

Da zarar labari ya bazu cewa za a gina katafaren kanti a wani fili na unguwa, sai jama'a su rabu gida biyu. Masu murna suna hangen sayayya a kusa da gida da guraben aiki. Masu fargaba suna hangen cunkoso, da ƙarar tirela da asuba, da ƙananan shagunan da za su rufe. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai hukumar tsara birane da takardu take aiki: taswira, lissafi da sharuɗɗa. Wanda ya shiga taro da waɗannan a hannu shi ake saurara, ko yana goyon baya ko yana adawa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin bayan an ba da izinin gini, gyaran da za a iya yi kaɗan ne.

Ku fara da neman takardun da kamfanin da zai gina kantin ya miƙa wa hukumar: taswirar filin, rahoton zirga-zirgar ababen hawa, tsarin magudanar ruwa, rahoton ƙara, da lokutan buɗewa da na sauke kaya. A ranar da kuka karɓa ku tambayi wa'adin shigar da ƙorafi, don yawanci 'yan makonni ne kawai. Ku raba takardun tsakanin mutum huɗu ko biyar, kowa ya riƙe guda ya karanta ta da kyau. Abu na farko da za a tabbatar shi ne girman kantin. Akwai faɗin ginin gaba ɗaya, akwai kuma faɗin zauren sayarwa kaɗai, ban da sito da ofisoshi. Dukkan lissafin motoci a kan ɗaya daga cikin waɗannan biyun ake ɗora shi. Idan adadin motocin da kowane murabba'in mita 100 ke jawowa an samo shi ne bisa faɗin gini gaba ɗaya, sannan aka ninka shi da faɗin zauren sayarwa, motocin za su fito ƙasa da yadda za su kasance.

Rahoton zirga-zirga shi ne zuciyar maganar, kuma a nan ya kamata ku fi daɗewa. Hanyar haɗa shi ɗaya ce kusan ko'ina: a ƙirga motocin da ke bin hanyar yanzu, a ƙara da hasashen ƙaruwarsu nan da wasu shekaru, a ƙara da waɗanda kantin zai jawo, sannan a gwada ko mahaɗun hanya za su iya ɗauka. Kowane mataki yana da inda yake zamewa. Ku duba ranar da aka yi ƙirgen. Idan lokacin hutun makaranta ne, ko ranar da aka rufe wata hanya a kusa, ko shekaru da dama da suka wuce, to an gina rahoton a kan adadin da bai kai na yau da kullum ba. Ku duba ko an saka sauran gine-ginen da aka riga aka ba su izini a yankin, kamar rukunin gidaje ko makaranta, don su ma wannan mahaɗar za su bi. Ku duba kantunan da aka kwatanta da su. Kantin da ke tsakiyar birni kusa da tasha ba ya jawo motoci kamar wanda ke gefen gari, inda kusan kowa da abin hawa yake zuwa.

Akwai wata dabara da ya kamata a sa mata ido. Rahoton zai ce wani kaso na masu sayayya dama can suna wucewa ta hanyar, tsayawa kawai za su yi, saboda haka a cire su daga lissafi. Wannan gaskiya ne, amma iyakarsa babban titi. A bakin ƙofar kantin, motar da a da take wucewa kai tsaye yanzu za ta rage gudu, ta yi kwana ta shiga, daga baya ta sake kutsowa cikin layi. Sau biyu ke nan ta katse tafiyar wasu. Idan an cire wannan kaso daga lissafin ƙofar ma, kuskure ne, ku nuna shi da lambar shafi.

Ku yi naku ƙirgen. Ba ya buƙatar komai sai takarda, biro da agogon waya. A tsayar da mutum ɗaya ko biyu a kowane reshe na mahaɗar. A raba takardar gida-gida na minti 15, a ware ƙananan motoci, babura, bas da manyan motoci, a kuma ware masu miƙewa da masu kwana. A yi awa biyu da safe da awa biyu da yamma a ranakun aiki uku da makarantu ke buɗe, sannan a ƙara da ranar hutun mako da rana, don a lokacin ne irin wannan kanti ya fi cika. Duk bayan minti 5 a rubuta yawan motocin da ke tsaye a layi. Wajen tarawa, ana ɗaukar babbar mota a matsayin ƙananan motoci biyu zuwa uku, babur kuma kusan rabin mota ko ƙasa da haka.

Ga yadda za ku yi amfani da abin da kuka ƙirga. Idan fitilar danja ta ba da hannu, layi ɗaya yana sakin kusan mota ɗaya duk sakan 2, wato kimanin motoci 1,800 a awa da a ce koren bai taɓa ɗaukewa ba. A misali, idan reshenku yana samun kore na sakan 30 a cikin zagayen sakan 90, iyakar abin da zai saka bai wuce motoci 600 a awa ba. Idan kun ƙirga 500, reshen yana aiki da kashi 83 cikin 100 na ƙarfinsa. Kanti ya ƙara masa motoci 100 kacal, ya cika fam. Injiniyoyin hanya sukan fara damuwa tun daga kashi 85 zuwa 90, saboda daga nan layi ba ya ƙaruwa a hankali, tsalle yake yi: motocin da kore ɗaya bai kwashe ba su ne za su tare wa na bayansu. Shi ya sa kalmar "ƙarin kashi 10 ne kawai" ba ta da ma'ana sai an faɗi a kan nawa aka ƙara shi. Mota ɗaya a layi tana cin kusan mita 6, motoci 20 mita 120 ke nan. Ku auna tazarar da ke tsakanin mahaɗar da ƙofar kantin. Idan mita 60 ce, layin zai toshe ƙofar, masu fitowa su rasa hanya, masu shiga su tsaya a tsakiyar titi. Daga nan direbobi za su fara yanke ta lungunan gidaje, inda yara ke wasa, kuma rahotanni da yawa ba sa ma ambaton waɗannan lungunan.

Ku je inda za a buɗe ƙofar ku tsaya kamar mita 2.4 daga bakin titi, ku durƙusa idonku ya zama kusan mita 1 daga ƙasa, daidai da idon direban ƙaramar mota. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a sakan ɗaya, kuma daga lokacin da direba ya hango abu zuwa tsayawarsa yana buƙatar abin da ya kai mita 40 zuwa 45. Idan katanga, bishiya, allon talla ko motocin da aka saba ajiyewa a gefe sun hana ku hango wannan nisan ta kowane hannu, ku ɗauki hoto daga daidai wannan tsayin.

Wurin ajiye motoci lissafinsa gajere ne. Gurbin mota ɗaya kimanin mita 2.5 ne da mita 5, amma idan aka haɗa da hanyoyin ciki, kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Taswirar da ta cusa gurabe 200 a murabba'in mita 4,000 ta matse fiye da kima. Yawan gurbin da ake buƙata kuwa, a ninka motocin da ke shigowa a awa da tsawon zamansu: motoci 300 a awa, kowace ta yi minti 40, gurabe 200 ne a cike, ban da na ma'aikata. Idan ya gaza, kan titinku da ƙofar gidajenku za a ajiye. Amma kada ku matsa a shimfiɗa filin da ya wuce buƙata, don yana ƙara zafi, yana ƙara ruwan da ke kwarara, yana kuma kiran ƙarin motoci.

Maƙwabtan da ke bayan ginin su ne suka fi shan wahala, kuma su ake yawan mantawa, domin can ne wurin sauke kaya. Tirela takan kai mita 16.5. Ku nemi zanen da ke nuna yadda za ta shiga, ta juya a cikin harabar, ta fito da gabanta. Idan sai ta yi ribas daga kan titi ko ta hau hanyar masu tafiya a ƙasa, tsarin bai yi ba. Ku tambayi inda za ta jira idan ta iso ta tarar da wata, don motar kayan sanyi ba ta kashe injin firijinta. Game da ƙara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin desibel 30 a cikin ɗakin kwana da dare (desibel shi ne awon ƙarfin ƙara). Ƙarar da ke fitowa daga wuri guda tana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Na'urar sanyaya da ke ba da desibel 70 a nisan mita 5 za ta ba da 64 a mita 10, 58 a mita 20, 52 a mita 40. Tagar da aka ɗan buɗe tana rage kusan 15, saura 37 a cikin ɗaki, har yanzu ya haura ma'aunin, kuma wannan na'urar ba ta hutawa dare da rana. Katangar tare ƙara tana aiki ne idan ba ta da kafa kuma ta tsare tsakanin na'urar da tagar. Mai ɗaki a bene yakan rasa amfaninta, musamman idan na'urorin a kan rufin kantin suke.

Ruwan sama ma yana da lissafi mai sauƙi. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Filin kadada 1, wato murabba'in mita 10,000, idan aka yi ruwan milimita 30 ya karɓi lita 300,000. Lokacin da ciyawa ce, ƙasa tana shanye mafi yawansa. Bayan an yi rufi an zuba kwalta, kusan kashi 90 cikin 100 zai gangaro cikin ɗan lokaci zuwa magudanar da aka gina don ƙasa da haka. Abin nema shi ne kada ruwan da ke fita daga filin ya fi na kafin gini gudu. Ana samun haka da tankin tara ruwa a ƙarƙashin filin motoci, ko daɓen da ruwa ke ratsawa, tare da matatar da ke tare mai da baƙin mai. Ku sa a rubuta wanda zai riƙa yashe su da kuma sau nawa a shekara.

Masu zuwa da ƙafa su ne hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan kantin, kuma ya kamata masu adawa su ji ta da kunnen basira. Tsoho ko mai goyo da ba shi da mota, kantin da ke mita 400 daga gida tafiyar minti 5 ce a gare shi. Amma amfanin yana lalacewa idan ƙofar shiga tana can bayan filin motoci, ko babu wurin tsallakawa a inda mutane ke bi a zahiri. Ana lissafa tafiyar mai tsallaka titi da mita 1.2 a sakan, saboda haka titi mai faɗin mita 12 yana cin sakan 10. Dattijon da ke yin mita 0.8 a sakan yana buƙatar 15. Ku nemi tsibirin tsayawa a tsakiya mai faɗin mita 2, da hanyar ƙafa mai faɗin mita 2 yadda keken guragu biyu za su gifta juna, da iyakar gudun kilomita 30 a awa a inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Sai maganar alkawura. Kamfani zai ambaci guraben aiki, filin wasan yara, gyaran titi, wani lokaci har da ɗakin taro. A kan aiki, ku tambaya nawa ne na cikakken lokaci, nawa ne na 'yan awoyi, nawa ne na lokacin gini kawai. A kan sauran, duk abin da bai shiga cikin sharuɗɗan izini ko yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba, babu mai iya tilasta shi. Sharaɗi mai amfani yana faɗin abin da za a yi, girmansa, ranar kammalawa, mai biya, da mai kula da shi daga baya. "Za a inganta mahaɗar hanya" ba ya ɗaure kowa. "Ba za a buɗe kantin ba sai an kammala layin kwana mai tsawon mita 60 da wurin tsallakawa mai fitila, kamar yadda zane mai lamba kaza ya nuna" yana ɗaurewa. Haka lokutan sauke kaya, a rubuta su da ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. Ku nemi a sake ƙirga motoci da auna ƙara bayan wata 6 da bayan wata 12 da buɗewa, tare da kuɗin da aka ware tun farko don gyara idan hasashen ya ƙi ci.

Wajen rubuta ƙorafi, wasiƙu daban-daban da kowa ya rubuta da kalmominsa sukan fi takarda ɗaya mai sa hannun jama'a da yawa nauyi. Kowace ta riƙe batu ɗaya ko biyu, ta ambaci shafin rahoton, ta haɗa da ƙirgenku da hoto mai kwanan wata, ta kuma faɗi gyaran da ake so. A wurare da yawa hukuma ba ta la'akari da faɗuwar darajar gida ko gasar kasuwa tsakanin 'yan kasuwa, amma tana la'akari da lafiyar hanya, ƙara, ambaliya da makomar cibiyar kasuwancin unguwa, don haka a kan waɗannan za ku tsaya. A ranar zama 'yan mintoci ake ba mai magana. Ku zaɓi mutum biyu ko uku, ku raba musu batutuwa kada wani ya maimaita na wani. Ku riƙe kwafin duk abin da kuka miƙa da shaidar karɓa. Idan an ba da izini, ku nemi takardar sharuɗɗan ku raba wa maƙwabtan da ke kewaye da filin, kuma duk wanda ya ga an karya ɗaya ya rubuta rana da lokaci, ya ɗauki hoto, ya aika wa sashen da ke bibiyar izinin gini da lambar sharaɗin.