Yadda za a shirya addu'ar tunawa da sojojin da suka rasu

Idan ikilisiyarku za ta keɓe wata Lahadi don tunawa da sojojin da suka kwanta dama a bakin aiki, shirin yana farawa ne a gidajen iyalansu, mako biyu kafin ranar. Na daɗe a zumuntar mata a nan Maraɗi, kuma shawarata ita ce kada fasto ya je shi kaɗai, a haɗa shi da dattijuwa. Bayan gaisuwa da "ya ƙarin haƙuri", sai a tambaya: "Mama, kin yarda a kira sunansa a gaban jama'a?" Wata za ta tashi ta buɗe akwati, ta zaro hotonsa da kaki daga cikin zannuwa. Wata za ta sunkuyar da kai ta ce a bar shi. Abin da ta faɗa shi za a bi.

A ranar, a kira sunaye sannu a hankali, a ɗan dakata bayan kowanne. Kada a tsaya kan ƴaƴan ikilisiya kawai. Sojoji 71 da aka kashe a sansanin Inates ranar 10 ga Disamba 2019, da 89 na sansanin Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020, a jihar Tillaberi, ƴaƴan ƙasar nan ne duka, kuma galibinsu Musulmi. Idan maƙwabcinku ya rasa ɗa kuma ya amince, a sa sunansa. A tuna da jandarmomi da ƴan sanda ma, har da masu fama da ƴan bindiga a wajejen Madarunfa da Gidan Rumji.

Karatun farko ya zama 2 Sama'ila sura 1, inda Dawuda ya yi makokin Saul da Jonatan da suka faɗi a Dutsen Gilbowa, har ya umarta a koya wa mutanen Yahuza waƙar. Saul ɗin nan ya sha neman ransa, amma Dawuda bai ambaci laifinsa ko ɗaya ba. Mai wa'azi ya ɗauki darasi: bagade ba wurin siyasa ba ne ranar.

Inda nake roƙon a yi hattara shi ne maganar farin ciki. Gaskiya ne Yakubu 1:2-4 ya ce mu ɗauki gwaji abin murna, domin yana haifar da jimiri, jimiri kuma ya kai mutum ga kammala. Amma wannan aya ba a jefa wa gwauruwar da goyonta bai san ubansa ba. A Galatiyawa 5:22 farin ciki ɗiyan Ruhu ne, kuma kamar gero yake, ba a jan kansa don ya yi saurin nuna. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, ya dai ce kada su yi irin na marasa bege. Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. A ganina, Kiristan da ya girma cikin bangaskiya shi ne wanda zai iya zama kan tabarma kusa da mai kuka, bakinsa a rufe, yana kuka tare da shi kamar yadda Romawa 12:15 ta koya. Don haka a fara waƙoƙi ba ganga. Idan an zo na tashin matattu a ƙarshe, makaɗa su shigo, wanda bai iya tashi tsaye ba a ƙyale shi.

Baikon ranar na iyalan ne. Kada a raba shi duka nan take. A ajiye wani kaso zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa tiyar gero ta yi tsada, wani kuma zuwa Oktoba don littattafai da takalman yara. Kafin a watse, magatakarda ya rubuta sunan wadda za ta riƙa leƙa kowane gida, da ranar da za ta fara zuwa.