Kafin ku biya kuɗin Highlander ta hannu

Jama'a, masu neman motar Toyota Highlander ƙirar 2014 zuwa 2016, kada tambarin bayanta ya ruɗe ku, wasu dillalan kan manna tambarin XLE, aji mai tsada, a jikin LE, wadda ita ce ƙaramin aji. Ku leƙa ciki. XLE ta gaske tana da kujerun fata da rufin gilashi mai zugewa, injinta V6 ne, wato mai silinda shida, lita 3.5. Limited kuwa, ajin da ke sama da XLE, kujerun gabanta na hura sanyi, sifikunta JBL ne.

Wata LE ɗin injin 2.7 gare ta, silinda huɗu. In ta ɗauki mutum takwas da kaya, nishi take a hawa. Mai iyali da yawa ya nemi V6, amma ya haska tocila wajen bel ɗin injin: busasshen ruwa mai ja-ja alama ce famfon ruwa na yoyo.