Yadda za ka ƙara wa kanka gwaninta a wajen aiki har a fara nemanka

Shekara huɗu na yi a sashen kuɗi na wani kamfanin sayar da kayan masarufi a Kano, kujera ɗaya, albashi kusan ɗaya, kullum gani nake oga ne ya danne ni. Sai da aka ɗauko wani yaro da na girme shi aka ɗora a kaina sannan idona ya buɗe, don lissafin da nake kwana uku ina fama da shi da biro da kalkuleta, shi kafin azahar ya gama a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya tura. Abun ya min ciwo wallahi. Amma daga nan na bi hanyar da zan faɗa maka yanzu, kuma ta fisshe ni.

Farko dai ka gano abun da ba ka iya ba. Ɗauki takarda ka rubuta duk aikin da na gaba da kai yake yi wanda in yau aka ce bai zo ba kai ba za ka iya riƙewa ba. Sai ka shiga shafukan neman aiki na intanet irin su LinkedIn ko Jobberman ka duba tallan aiki kamar goma na matsayin da kake hange, za ka ga akwai abu biyu ko uku da suke ta maimaituwa. Zaɓi ɗaya tak. Mutanenmu da yawa a nan suke faɗuwa, yau zanen kwamfuta, gobe kasuwancin intanet, jibi wani kwas ɗin da aka turo a guruf ɗin WhatsApp, taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Daga nan sai lokaci. Kar ka ce sai ka samu sarari, ba za ka samu ba, ga hidimar gida ga biki ga ta'aziyya. Ni bayan sallar asuba na ware, minti 40, kafin yara su tashi. Da daddare in data ta yi sauƙi nake sauke bidiyon YouTube in ajiye a waya, saboda ko an ɗauke wuta karatuna bai tsaya ba. In ba ka da laftof ka roƙi izini ka riƙa tsayawa a kwamfutar ofis bayan an tashi. Akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 na koyar da fasahar zamani kyauta, in hanyarka ta can ce ka sa ido lokacin da za su buɗe rajista.

Yanzu ga inda maganar take, kallon bidiyo kaɗai ba ya koya wa mutum aiki, sai ka sa hannu. Duk abun da ka gani da safe ka gwada shi a aikinka na ranar. Ni da littafin bashi na fara, wani ƙaton littafi mai baƙin bango da muke rubuta 'yan kasuwar da suka ɗauki kaya, duk ya yi datti, wasu shafukan ma sun yage. Na zauna na kwashe shi layi-layi zuwa Excel, suna, ranar ɗaukar kaya, kuɗin kayan, abun da aka biya, abun da ya rage, sati biyu ina yi, sannan na koyi SUMIF, wata dabarar lissafi a Excel, yadda zai tara min bashin kowane mutum shi kaɗai, na koyi VLOOKUP yadda in na buga suna komai nasa zai fito. Ranar da manaja ya leƙo ya ce wane Alhajin nan na kasuwar Singa nawa ake binsa, ban ko tashi ba na faɗa masa har da ranar da ya yi biyan ƙarshe, ya tsaya yana kallona. Amma don Allah kar ka kwashi bayanan wajen aikinka ka kai gida ko ka tura wa wani, amana ce.

Ka nemi babba a sana'ar ka raɓe shi. Ba wai ka je kana Yallaɓai a taimaka min da aiki ba, a'a, ka gaishe shi da ladabi ka ce ranka ya daɗe ga rahoton da na haɗa, ina ne ban yi daidai ba? Tambaya ɗaya, gajeriya. In ya gyara maka ka je ka yi, ka dawo ka nuna masa. Manya suna son yaron da yake jin gyara.

Sai bayan hannunka ya faɗa za ka nemi takarda, don ita ma tana da ranarta. Ɗan akanta akwai ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya da aka kafa tun 1965, in ba ka da digiri za ka iya farawa ta ATS, jarrabawarsu ta masu farawa mai mataki uku. Akwai kuma ANAN, wata ƙungiyar akantocin, da suke da kwalejinsu kusa da Jos. Malamin makaranta ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, injiniya kuma da COREN, hukumar injiniyoyi. Wanda ba zai iya barin aiki ba ga NOUN nan, jami'ar karatu daga gida. In kuma ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kai, daga mataki na 7 zuwa 14 shekara uku ake yi kafin a kira ka jarrabawar ƙarin girma, to kar shekarun nan su wuce a banza, kuma duk satifiket ɗin da ka samu ka tabbatar ya shiga fayil ɗinka, ka bi sawu da ƙafarka.

Abu na ƙarshe, ka riƙa rubuta abun da ka yi. Ƙaramin littafi ya isa, ranar kaza na gyara kaza, ya rage mana kwana kaza. Kunya tana hana mu faɗin aikinmu, na sani, to ba sai ka yabi kanka ba, littafin zai yi magana. Ni bayan wata takwas na nemi ganin oga, na shiga da shafi ɗaya da na buga, na ajiye masa na ce Yallaɓai ga abun da na yi, ina so a ƙara min nauyi. Bai ce komai ba ranar, sai ƙarshen wata aka miƙa min lissafin sito gaba ɗaya, ƙarin albashin kuma ya biyo baya.