Yadda na hana rassan Hoya ruɓewa kafin su yi saiwa

Hoya carnosa tsiro ne mai yaɗo, asalinsa gabashin Asiya da Ostireliya, ganyensa kauri ga sheƙi. Matsalata da shi ɗaya ce: duk reshen da na yanka na dasa, sai gindinsa ya yi baƙi ya lauɓe, ganyen ya yi rawaya ya zube.

Da na tuge guda na duba, ƙasar jagab take, har da warin ruɓa. Shi Hoya a ganye yake ajiye ruwa, kuma a daji jikin itatuwa yake bi, saiwarsa ta saba shan iska. Ƙasa mai riƙe ruwa shaƙe ta take yi.

Sai na sauya salo. Na yanki reshe mai gaɓa biyu da wuƙa mai tsabta, na cire ganyen ƙasa, na bar shi a inuwa har bakin yankan ya bushe. Na haɗa ƙasa kaɗan da ɓawon itace da tsakuwa ƙanana a ƙaramar tukunya mai huda a gindi. Gaɓar ce abin lura, don daga nan saiwa ke fitowa, dole ta shiga ƙasa. Ruwa kuwa, sai na cusa yatsa na ji a bushe. Na ajiye tukunyar gefen taga mai haske, inda ranar tsaka ba ta dukanta.

Bayan 'yan makonni na ɗan ja reshen, na ji ya tirje. Yanzu har ya fid da toho, jajaye-jajaye masu taushi.